Rejeb Ba Zai Sha Ba

A gidanmu mace ba ta tashi daga gindin masaƙa sai don salla ko girki. Mu uku muke zama a jere muna ƙulla zaren darduma: ni, da Innarmu Ogulbibi, da Aknabat matar yayana. Jariri kuwa, da an yi arba'in, Inna takan gutsuro taryak kamar ƙwayar gero, baƙin danƙon nan mai sa maye da ita ma take haɗiya saboda ciwon baya, ta narka a shayi ta ɗiga masa. Yaro ya yi ta barci har la'asar, aiki ya tafi. Haka ake yi a kowane gida a ƙauyenmu.

Ni na raka Aknabat ƙaramin asibitin garin ranar da ta kai ɗanta Rejeb rigakafi. Ungozomar wurin, Malama Zarmina, ba ta sallamar mai jego sai ta yi mata tambaya guda.

"An fara ba shi?"

"Sai jibi, in na koma saƙa."

Malama ta ajiye allurar. "Wanda ya sha a tsumman goyo, da gemunsa zai neme shi. Wani ma numfashin ke tsayawa a cikin barcin. Ina mijinki? Me yake yi yanzu?"

Aknabat ta sunkuyar da kai. Yayana na bayan garu yana busa nasa taryak ɗin, kowa ya sani.

Malama ta nuna mata yadda za ta sa yaro gyatsa, da yadda za ta murza masa ciki. "In kukan ya fi ƙarfinki, kawo min shi, ko kullum ne."

Ranar da Aknabat ta koma saƙa, Rejeb ya tsage da kuka tun hantsi. Inna ta miƙo mata cokalin shayin taryak.

"A'a, Inna."

"A'a? Ke a gidanku da madarar tsuntsu aka raine ki?"

"Da wannan aka raine ni. Shi ba zai sha ba."

Aiki ya ja baya. Sai Aknabat ta yi layi biyu ta tashi jijjiga. Da Durdi Bay, ɗan kasuwar da ya ba mu zare, ya zo duba dardumarsa, ya auna da tafin hannu ya yi tsaki.

"Gwaggo, saƙa kuke yi ko reno? Ku lasa wa ɗan banzan nan ya yi shiru mana."

Aknabat ta amsa daga bayan labule: "Bay, kai naka nawa ka lasa wa? Na ji duk suna makaranta a birni."

Washegari ta dawo daga alwala ta tarar da Inna a kan yaron, cokali a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki wuƙar yanke zare ta ɗora a kan igiyoyin masaƙa, dardumar da muka ci rabin shekara a kanta.

"Wallahi Inna, ɗigo ɗaya ya shiga bakinsa, sai na raba ta biyu. In ya so ku kore ni."

Inna ta dube ta, ta dubi wuƙar. Ta watsar da shayin a tsakar gida tana cewa an kawo mata annoba.

Darduma ta ƙare a makare. Durdi Bay ya kai zarensa wani gida, muka koma saƙa ƙananan dardumomin salla muna kaiwa kasuwa da kanmu. Hunturun nan gurasa da shayi muka fi ci.

Inna ta daina cin girkin Aknabat, har yau ma sai da dalili. Amma da yake bayanta ba ya barin ta dogon zama, ita ce ta koma ɗaukar Rejeb tana zagaya tsakar gida da shi, tana mita.

"Yi ta kukanka, jikan masu taurin kai. Uwarka ta gama da mu."