Ranar da Mai Jan Baki Ta Yi Shiru

Shekara ashirin da tara Gesa Ohlsen ta yi tana aiki a gidan opera na garin, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, amma ko a kasuwar kifi ba ɗan kallon da zai gan ta ya gane ta. Wurin aikinta wani akwati ne a bakin dandamali, rabinsa a ƙarƙashin katako, ya juya wa jama'a baya, bakinsa na kallon mawaƙa. Nan take zama a kan kujera marar jingina, ga 'yar fitila, ga littafin wasan a buɗe, kanta daidai da takalman masu waƙa. Aikinta jan baki. Kafin kowane layi ya iso, da tazarar numfashi ɗaya, sai ta jefa wa mawaƙi kalma biyu ko uku na farko, ta ɗaga yatsa ta nuna masa inda zai shiga. Ko ya haddace ko bai haddace ba, kowa sai an ba shi, haka ta tarar ana yi.

Mawaƙa kuwa, Allah ya shirye su, ba wanda yake yarda yana bukatarta. Kowane ɗaya ya taɓa gaya mata ta daina damunsa, ya san waƙarsa. Sai ta ce to, ranar wasa ta ba shi, ya karɓa, a wuce wurin. Matar da ta koya mata aikin abu ɗaya ta nanata mata har ta bar gidan: fushi a ƙofa ake ajiye shi, ba a shiga da shi cikin akwati.

A cikinsu duka wanda ta fi sabawa da shi Hinnerk Dreesen ne, mai muryar nan mai kauri da idan ya sauka ƙasa sai ta ji katakon akwatinta yana rawa. Shekara ɗaya aka ɗauke su. Ya yi sarki a kan dandamalin nan, ya yi limamin coci, ya yi uban amarya da ɗan fashi, da Italiyanci da Jamusanci, duk manyan wasannin magabata ya taka su. Yana kiranta ɓeran rami, tana kiransa ranka ya daɗe ko da rigar bara yake sanye. Ranar da aka binne matarsa, Gesa ce ta kai tukunyar miyar dankali gidansa, ta zauna har ya ci.

Shekara biyu ke nan ta lura kalmomi sun fara zame masa. Muryar tana nan, har ta fi da daɗi, haddar ce ta fara yoyo. Kalma ukun da take ba kowa sai ta mayar masa da su layi guda, wani lokacin ta ɗan ƙara murya. Ba su taɓa zancen ba ko a wajen shan kofi.

A hunturun da ya cika sittin da uku aka dawo da wani tsohon wasan Italiya, wanda Hinnerk yake fitowa a cikinsa a matsayin dattijon masunci da ya sayar da jirginsa. A kashi na uku akwai doguwar waƙar ban kwana da jirgin, baiti uku, duk kiɗansu ɗaya, kalmomin ne kawai suka bambanta. Irin wannan ita ce ke kayar da tsofaffin mawaƙa. An yi wasan farko lafiya, an yi tafi. Bayan kwana biyu sai mai sharhin jaridar garin, wanda ya zauna a layin gaba, ya rubuta cewa ya ji waƙar masuncin sau biyu a tikiti ɗaya, da farko daga bakin wata mata a ƙarƙashin dandamali, sannan daga bakin Dreesen, kuma matar ta fi shi haddacewa.

Da azahar Gesa ta shiga ɗakin cin abincin ma'aikata ta tarar jaridar tana yawo daga tebur zuwa tebur. Hinnerk na zaune da farantin kifi a gabansa bai taɓa ba, wuyansa ya yi ja.

"Ga tauraruwar nan ta iso," in ji shi da ƙarfi. "Ku ba ta wuri mana. Gesa, yaushe za a ɗinka miki kayan wasa?"

"In an ɗinka ma naka za a rage mini, ranka ya daɗe. Mutum biyu za su shiga ciki."

Aka yi dariya. Da ya bi dariyar da an wuce wurin, amma sabon shugaban gidan, Lorenz Kappel, yana tsaye wajen tukunyar kofi yana saurare, kuma kowa ya san yana lissafin waɗanda zai sallama kafin bazara.

"Ba wasa nake ba," in ji Hinnerk. "Kin mayar da ni abin dariya a gari. Ihu kike yi a ramin nan kamar mai tallar kabeji. Waƙar nan na yi ta sau ɗari kafin wasu a ɗakin nan su iya ɗaura takalmi. Ran Lahadi ki rufe mini baki. Kin ji ko?"

"Hinnerk, ci kifinka."

"Na ce kin ji? Ba na bukatarki. Ban taɓa bukatarki ba."

An gaya mata irin wannan magana ba sau ɗaya ba, amma ba daga bakin mutumin da ta ɗauka a kafaɗa shekara biyu ba tare da kowa ya sani ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ajiye tirenta.

"Na ji, Malam Dreesen," ta ce, ta fita ba ta ci komai ba.

Wasan Lahadi na ƙarfe uku ne na yamma, na tsofaffi da iyalai da mutanen ƙauye da ke zuwa a jirgin ƙasa. Saura minti goma a ɗaga labule, tana gyara fitilarta, ta ji takun ƙafa a matsattsen lungun da ke kaiwa akwatin. Ba mawaƙin da ke saukowa nan. Ta waiwaya ta ga Hinnerk, ya sunkuya saboda rufin, da gemun roba da rigar masunta.

"Akwai sanyi a nan," ya ce.

"Kullum haka yake."

"Ya kamata su sa miki abin ɗumama wuri."

"Ya kamata."

Ya tsaya yana murza hularsa. Ta san abin da ya kawo shi, ya san ta sani. Kalma ɗaya take jira, shi kuma yana jira ta sauƙaƙa masa kamar yadda ta saba. Aka buga ƙararrawa ta biyu, ya juya ya hau.

Kashi na farko da na biyu ta ba shi kamar kowa, kalma uku, a hankali. Ta gaya wa kanta ai ba ta saɓa wa aikinta ba. Ya karɓa, bai kalli akwatin ba ko sau ɗaya, wannan ma ya ƙara hura mata wuta.

Aka zo waƙar jirgi. Ya yi baitin farko, ya yi na biyu, muryar ta cika ɗakin har ta ji wata tsohuwa a bayanta tana jan hanci. Masu goge suka ɗauki ɗan gajeren kiɗan da ke kaiwa baiti na uku. A nan ta ga idonsa ya canza. Ta san wannan kallon, kallon mutumin da ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Ya sauke ido ya dube ta.

Kalmomin suna bakinta, yatsanta yana kan layin. Ba ta yi niyyar kayar da shi ba, har ta mutu za ta rantse da wannan. So take ya ɗanɗana, numfashi ɗaya kawai, ya san wace ce a ramin. Ta haɗe leɓɓanta ta dube shi.

Amma kiɗa ba ya jiran kowa ya huce. Numfashin nan ɗaya shi ne duk abin da aikinta ya mallaka, ta kashe shi a fushi. Lokacin da ta jefa kalmomin makaɗa sun riga sun wuce inda zai shiga. Ya shiga a makare, kuma da kalmomin baitin farko. Ya ji kuskuren, ya tsaya ya gyara, ya sake ɓacewa. Yanzu kam tana ba shi da ƙarfi, layi bayan layi, har tana buga littafin da tafin hannu, amma ya riga ya fita daga hayyacinsa. Jagoran makaɗa ya rage gudu, ya sake ragewa, daga ƙarshe ya sauke sandarsa. Mutum arba'in suka daina kiɗa. Hinnerk na tsaye a tsakiyar dandamali da igiyar jirgi a hannu, bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita. Wani ɗan kallo ya yi tari a saman bene. Aka saki labule.

Washegari Kappel ya kira su ofishinsa su biyu. Gesa ta shiga da shirin kwashe kayanta, don mai jan bakin da ta bar mawaƙi ya faɗi da gangan ba gidan da zai sake ɗaukarta.

"Tambaya ɗaya ce," in ji Kappel. "An ba ka daga akwati ko ba a ba ka ba?"

"An ba ni," in ji Hinnerk, yana kallon taga. "A kan lokaci. Kunnena ne. Ya daɗe yana yi mini haka, ina ɓoyewa."

"To, Malama Ohlsen, za ki iya komawa aikinki."

Ta tashi ta fita. Nan ne wuri na biyu da ya kamata ta yi magana, ba ta yi ba. Ta ce a ranta hasken fitilu ya kashe masa ido, bai ga bakinta ba, ya ɗauka da gaske kunnensa ne. Wannan tunanin ya ba ta sauƙi, kuma sauƙin ya fi laifin ba ta kunya.

Hinnerk bai sake hawa dandamali ba. Ba a yi masa bikin sallama ba, shi ya ce ba ya so. Cocin unguwarsu ya roƙe shi ya yi musu waƙar Ista, ya ƙi. Ya tattara ya koma wajen 'yarsa Silke a wani ƙauye a bakin teku. Gesa ta yi shekara shida a akwatin bayan haka, ba ta sake makara da ko rabin numfashi ba, sababbin mawaƙa suna cewa ba a taɓa yin irinta ba. Duk ranar da aka faɗi haka sai abinci ya ƙi shiga.

Satin da ta yi ritaya ta hau jirgin ƙasa na safe ta tafi ƙauyen. Silke ta buɗe mata, ta kai ta baranda inda uban yake zaune da bargo a gwiwa yana ɓare wake. Ya rame, amma muryar da ya gaishe ta da ita tana nan yadda ta san ta.

"A'a, wa nake gani? Ashe kina da ƙafafu. Ni kanki kawai na sani."

"Kai ma ashe kana da fuska. Takalma na sani."

Suka yi dariya kaɗan. Silke ta kawo kofi da kek ɗin tuffa ta koma ciki. Suka yi zancen wanda ya mutu da wanda ya auri wa. Gesa ta ga idan ta bari kofin ya ƙare ba za ta faɗa ba.

"Hinnerk, ran nan. Ba kunnenka ba ne. Ban ba ka ba. Ina da kalmomin a baki na riƙe."

Bai daina ɓare waken ba.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Taku uku ne tsakaninmu, Gesa, ga fitila a fuskarki. Ina kallon bakinki. Kunnena kuwa har yau ina jin Silke tana zagina daga kicin."

"To me ya sa ka gaya wa Kappel..."

"Me zan gaya masa? Ni na riga na ƙare, ko da ke ko ba ke, shekara ɗaya ce ko biyu ta rage mini. Ke kuwa akwai matasan mawaƙa ashirin da za su dogara da ke a wasan ran Talata. In sun ji kin taɓa sakin mutum, wa zai iya buɗe baki? Kuma ni na fara, na san abin da na faɗa a gaban mutane."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta kai hannu za ta kama nasa, ya ɗan janye kwanon waken zuwa gefe, hannunsa ya bi kwanon.

"Kada ki haɗa abu biyu," ya ce a hankali. "Asiri na rufa miki. Yafiya daban ce. Shekara ɗayan nan da ta rage, ina son kayata. So nake in sauka da ƙafata, in yi waƙar nan har ƙarshe, Silke tana zaune. Na nemi yafiyar a raina, wallahi na nema, ban same ta ba tukuna. In na samu zan rubuto miki."

Ta ce to. Ta shanye kofin don kada Silke ta ga an bar shi, ta yaba kek ɗin, ta kama jirgin ƙarfe huɗu.

Gidanta a hawa na uku yake, akwatin wasiƙu yana ƙasa wajen ƙofa, kuma gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Duk da haka kowace safiya sai ta sauka. A kaka ta biyu ambulan ya zo da tambarin ƙauyen. Rubutun Silke ne, tana sanar da ranar jana'izar mahaifinta da lokacin jirgi. Gesa ta juya takardar, ta leƙa cikin ambulan ɗin, ta girgiza shi. Ba komai a ciki bayan wannan.