Hannun Tela a Bayan Sirdi

Idan uba ya yi wa 'yarsa ƙarya, ƙaryar kuma ta kai ta inda gaskiya ta kasa kai ta, me za a rubuta masa, lada ko zunubi? Na juya tambayar nan ta kowane gefe ban samo bakinta ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da ya faru da Tela a wurin wasan yara.

Tela ya yi suna da abu guda a layinsu: ba ya cewa "gobe" sai in goben yake nufi. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka kawo yadi ya ga ba zai gama a kan lokaci ba, sai ya miƙo maka kayanka ya nuna maka shagon gaba. A gida ma haka yake. Ranar da aka kai Auta, ƙaramar 'yarsa, allura, uwarta ta ce babu zafi, shi kuwa ya ce akwai zafi amma ba zai daɗe ba. Tun daga ranar, duk abin da aka faɗa wa yarinyar sai ta dubi fuskar ubanta kafin ta yarda.

Duk ƙarshen mako sukan fita wurin shaƙatawa, domin a unguwarsu babu inda yaro zai yi gudu mota ba ta danna masa ham ba. Fili ne mai ciyawa, da lilo, da abin zamewa wanda fentinsa ya goge a tsakiya saboda yawan wandunan da suka bi ta kansa. Wata siririyar hanyar siminti ta zagaye filin, a nan yara ke tuƙa keke. Auta ta gaji keken yayanta Dogo, kuma a cikin ƙawayenta ita kaɗai ta rage ba ta iya ba. Suna zuwa su wuce ta suna kaɗa ƙararrawa, ita kuwa ga ubanta a baya, riƙe da sirdi, yana haki.

Tun ranar farko ta ɗaure shi. "Baba, ka rantse ba za ka saki ba."

"Ba sai na rantse ba. Na ce ba zan saki ba, to ba zan saki ba."

Makonni suka shuɗe a haka.

A wata fitar har da Kawu, ƙanin matar Tela, direban motar haya wanda bakinsa ba ya hutawa. Yana kishingiɗe a kan tabarmar da yayarsa ta shimfiɗa ƙarƙashin bishiya, kofin shayi a hannu, yana kallon Tela ya dawo daga zagaye rigarsa ta jiƙe sharkaf. Auta ta ajiye keken ta tafi layin lilo.

"Sannu da aiki, yaron mota," in ji Kawu. "Ni ko nawa yaron ba ya bin mota da gudu haka. Yaya, kai fa keken ɗinki ka sani. Ba ni ita zagaye ɗaya ka ga aiki."

"Ka yi mata yaya?"

"Yadda aka yi wa kowa. Ka ce kana riƙe, ka sake ta. Kai wa ya koya maka?"

Tela ya juya. Ya nuna Dogo, wanda ke zaune yana ɓare lemo. "Dubi haɓarsa. Aikinka ne wannan tabon."

Dogo ya shafa wurin yana dariya. "Wallahi Baba, na kwana biyu ba na gaishe shi."

"Yanzu fa?" Kawu ya ce. "Wa ke zuwa gidana a keke yana cinye min abinci?"

"Shi daban, ita daban," in ji Tela. "Yarinyar nan ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Ba zan fara a kan keke ba."

Ba wai bai gwada hanyar gaskiya ba. Ya taɓa durƙusawa gabanta ya ce mata ta iya, ta bari ya saki kaɗan. Nan take ta sauke ƙafafunta ƙasa, ta ce in haka ne a mayar wa Dogo kekensa. Daga ranar ma sai ta ƙara da waiwaye.

Matarsa tana rufe kular abinci, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Auta, in faɗa maka wata magana?"

"Ina jin ki."

"Jiya ta ce min kar mu ƙara zuwa da keken, wai ita lilo ya ishe ta. Ta fara haƙura ke nan. Ni dai ina kallonku daga nan. Ba ita kake riƙewa ba, sunanka kake riƙewa."

Kawu ya buɗe baki zai yi tsokaci, ta harare shi, ya mayar da kofi bakinsa.

Maganar ta zauna wa Tela a ƙirji kamar allurar da ta karye a cikin yadi. Ya so ya ce ba haka ba ne, amma shi ba mai faɗin abin da bai tabbatar ba ne. Ya dubi Auta a kan lilo. Ƙawayenta sun sake wucewa a jere, ta kawar da kai kamar ba ta gan su ba.

Ya tashi ya ɗaga keken. "Auta, zo mu ƙara ɗaya."

Ta zo tana jan ƙafa. Ta hau, ya kama bayan sirdi, suka fara. Wannan karon bai kula da numfashinsa ba, hannunsa ya saurara, yadda yake sauraron yadi a ƙarƙashin allura. Sai ya ji abin da bai taɓa lura da shi ba. Duk lokacin da ya ƙanƙame sirdin, keken yakan karkato wajensa, domin yarinyar a kan hannunsa take jingina. Da ya sassauta, sai bayanta ya miƙe, keken ya daidaita da kansa. Suka wuce mai sayar da balan-balan, suka wuce famfon da yara ke wanke hannu. Ya rage yatsu biyu a kan sirdin. Babu nauyin komai a kansu.

Hanyar ta miƙe a gabansu, babu kowa a kai, ciyawa mai laushi hagu da dama. Ya san in ta gane, za ta iya yin kwanaki ba ta dube shi ba. Ya san kuma nan gaba, in ya ce mata babu zafi, wataƙila wata fuskar za ta nema.

Ya ɗauke yatsun.

Keken bai ko girgiza ba. Tela ya ci gaba da gudu dab da tayar baya don ta riƙa jin takunsa, hannuwansa biyu a sake. Can ƙarƙashin bishiya Kawu ya miƙe tsaye, matar Tela ta kama bakin rigarsa ta zaunar da shi.

"Baba," Auta ta kira, idonta a gaba, iska na kaɗa ɗankwalinta, "kana riƙe?"

"Ina riƙe," in ji Tela. "Taka feda, kar ki waiwayo."