Tsallen Watan Agusta

Shekara talatin Molsul yana yanke wa masu tsalle igiya a kudancin tsibirin Fentikos, ba a taɓa ɗaukar gawa a gindin hasumiyarsa ta itace ba. Namiji zai hau can ƙololuwa, a ɗaure masa igiyar kurmi a idon sawu, ya faɗo da ka, igiyar ta fizge shi daidai lokacin da gashinsa ya shafi ƙasa. Amma igiya tana da lokacinta. Daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da ake haƙar doya, tana da ruwa a jiki, tana miƙewa. Bayan nan sai ta bushe ƙayau.

To ga shi ana tsakiyar Agusta, ƙaninsa Warisul, mai yawo da baƙi, mutumin da bakinsa ba ya shawara da kansa, ya je ya yi wa masu jirgin yawon buɗe ido alkawarin tsalle. Molsul ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai yanka ba. Warisul ya ce shi ma ai yana da adda, ya shiga kurmi ya yanko da kansa. Maza duk suka noƙe, sai mutum ɗaya, Tabirap, ɗan Molsul na fari, magidanci mai 'ya'ya biyu. Shi Tabirap da an ce masa "ko tsoro kake ji?" an gama da shi, kuma baffan nasa ya san haka sarai.

Kwana uku Molsul yana bin ɗansa, da lallashi, da zagi, har da hawaye, abin da bai yi ba ranar da aka binne matarsa. Tabirap ya ce ya riga ya faɗa a gaban maza, magana ta ƙare.

Ranar tsallen, da hantsi, baƙi suka cika bencin gora, rana ta gasa su sun yi jajir, kowa ya ɗaga waya. Mata na rawa suna fito, maza na dukan ƙasa da ƙafa. Molsul ya tsinci guntun igiyar da aka yar, ya lanƙwasa ta a gwiwa. Ƙas! Ta karye kamar karan dawa. Ya ɗaga kai, ga Tabirap can sama, an gama ɗaure shi, ya buɗe hannuwa.

A ƙauyensu, in namiji ya hau, ba mai bin sa ya sauko da shi, ga ƙarti huɗu sun tsare gindin hasumiyar. Abu ɗaya ne ke rufe tsalle: jinin faɗa ya zuba a kan ƙasar da aka kafce don masu faɗowa. Na tsautsayi kwashe shi ake yi da shebur a ci gaba, don haka ko Molsul ya yanki kansa bai yi komai ba. Warisul kuwa yana tsaye a tsakiyar kaftun nan, da rigarsa mai furanni, yana zuba wa baƙi bayani da Turanci.

Molsul ya tako da addarsa.

"Yaya, ka zo kallo ke nan?" in ji Warisul, yana murmushi saboda baƙi. "Nemi wuri ka zauna, kada ka ba mu kunya."

"Ka ce ya sauko."

"Je ka faɗa masa da kanka, in ƙafarka za ta kai."

Molsul ya fara da bayan addar, ya shimfiɗa masa ita a kunne. Warisul ya yi taga-taga, ya dawo ya rungumo shi ta ƙugu, suka zube cikin kaftu suna birgima. Baƙi suka ɗauki tafi, wallahi, har da masu matsowa su sami hoto mai kyau, su a zatonsu wasan ne. Warisul ya danne shi, ya shaƙe masa wuya da hannu biyu. Molsul ya duba, babu jini ko ɗigo, a sama kuma ya ji ɗansa ya fara tafin nan da ake yi kafin a saki jiki. Sai ya juya addar ya sara da kaifin.

Ta shiga kafaɗar ƙaninsa har ya ji ta tsaya a ƙashi. Jini ya yi tsartuwa, ya wanke masa fuska, ya malala cikin ƙasa. Shi ya goyi Warisul a kafaɗa lokacin da yake yaro, kuma a wannan lokacin bai ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Rawa ta tsaya cak. Wata baƙuwa ta ƙwalla ƙara, benci ya kife, baƙi suka yi ta kansu zuwa bakin teku. Ƙartin nan suka rufar wa Molsul da ragowar itacen gini. Na farko ya same shi a haƙarƙari, ya ji sun ɓalle. Wani ya taka masa hannu har yatsu suka karye ya saki addar, wani ya zubar masa da haƙoran gaba da diddige. Bai kare kansa ba. Ido ɗaya ya rage masa a buɗe, shi ya kafa wa hasumiyar, yana kallon ƙafafun Tabirap suna saukowa itace bayan itace, igiyar da aka kwance tana reto ita kaɗai.

Tabirap ya wuce shi, ya fara ɗaure wa baffansa kafaɗa, ya sa aka ɗauke shi. Sannan ya dawo ya tsaya a kan ubansa.

"Ka sari ɗan'uwanka, ka sauko da ni da ƙafa a gaban duniya. Daga yau ba ni da uba."

Molsul ya tofar da jini. Numfashi ma da ƙyar yake ja, amma murya ce yake ji, muryar ɗansa, da ƙarfinta, a ƙasa.

"Ban ji ba," ya ce. "Matso kusa ka sake faɗa."