Raɗa a Bayan Firji

Farfesa ne ya hargitsa mana gida. Ɗan kawunmu ne, shekara biyu kacal ya yi a jami'a yana karanta halayyar ɗan Adam, amma ko ciwon haƙori ka kai masa sai ya tambaye ka yadda aka yaye ka.

Yayanmu mai gyaran rediyo ne. Wata uku ya yi bai buɗe shago ba, yana cewa akwai masu yi masa raɗa ko ya zare batir. Da aka kwantar da shi a asibiti, likita ta ce sunan ciwon sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali. Farfesa bai bari mun sha ruwa ba. Ya harɗe a falo, ya bayyana mana cewa masana sun gano uwa ce ke jawo shi: ta kira ɗa da baki, ta kore shi da fuska, ƙwaƙwalwa ta rasa wanne za ta bi. Ya ƙara da cewa gidan da hayaniya ta yi yawa, ciwon dawowa yake yi.

To, Ummarmu kuwa in ta ce a miƙo mata tsintsiya, sai maƙwabta uku sun miƙo. Ranar sai ta shige kicin ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zai ja da mai littafi?

Da aka sallamo Yaya, Umma ta kafa doka: ba ɗaga murya, ba faɗa, ba tambaya. Ta ƙarar da man keken ɗinkina a ƙofofi don kada su yi ƙara. Ni tela guda na koma ɗinkin hannu, wai ƙarar keke za ta tayar masa da ciwo. Abinci ma a bakin ƙofa take ajiye masa, ta juya da sanɗa. In faɗa ya ciyo ta, sai ta ja ni bayan firji ta wanke ni tas, ƙasa-ƙasa. Wallahi zagin raɗa ya fi ciwo, don har da yawu a kunne.

Yaya na shan maganinsa yana kallonmu. In ya shigo mu yi tsit, in ya ba da baya mu ci gaba da ƙus-ƙus. Har yabon kanmu muke yi.

Ranar komawa asibiti mu uku muka shiga ofishin likita. Ta tambaye shi jiki. Ya sunkuyar da kai ya ce raɗar ta dawo, yanzu daga bayan firji take fitowa, kuma ya ga alamar mutanen gida na ƙulla masa wani abu. Ya roƙa a mayar da shi gado. Likita ta ɗauki biro za ta ƙara masa magani.

Nan na fasa ƙwai, na zayyane mata komai, har da man keke. Ta cire tabarau tana danne dariya. Ta ce zancen ɗora wa uwa laifi an daɗe da yin watsi da shi. Ciwon ba shi da sanadi guda: akwai gado, akwai yanayin ƙwaƙwalwa, akwai matsin rayuwa. Rage tsangwama na taimakawa, amma ba wanda ya ce a mai da gida maƙabarta.

Umma dai ba ta gamsu ba. Ta juya wajen Yaya, idonta ya ciko, har yanzu da raɗa take magana.

"Faɗa mini tsakaninka da Allah, bakina ne ya jawo maka?"

Yaya ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ɗago.

"Umma, waɗancan muryoyin zagina kawai suke yi. Ke kuwa in kin gama zagina sai kin tambaya ko na ci abinci. Da haka nake gane ta gaske. Sati biyu ke nan ina kasa kunne, ban ji ki ba."