Fistin Ɗin da Baba Cyprian Ya Ƙi

"Sake lissafa mini, 'yata," in ji Baba Cyprian, bayan tari ya sake shi.

Ummakulsum ta sake. Ita ce malamar lissafi a makarantar 'yan mata, gidansu a bakin Fagge, titi ɗaya tsakaninsa da garejin tsohon a Sabon Gari. Tun da idonsa ya dushe, ita ke karanta masa littafin injin. Yau ya ɗura mai cikin kan silindar wani babur da sirinji, ya auna, ita ta raba, don su san matsin da fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silindar, zai yi.

"Da fistin mai faɗin kai, matsin bakwai ne bisa ɗaya. Da mai tozo, tara."

Salmanu, akawun kamfanin gyaɗa, mai babur ɗin, ya yi tsaki. Tun daga Ikko ya yi odar fistin mai tozo, don ya tsere wa yaran Kwara, Larabawan nan masu kantuna, a hanyar filin jirgi.

"Tara nake so."

"Malam Salmanu, fetur ɗin garin nan ba ya ɗaukar tara," in ji tsohon. "Zai kama wuta kafin lokaci, ya cinye fistin. Shekara talatin, injina bai taɓa dawowa a ture ba."

"To, yanzu mace ke koya maka aikin?"

"Lissafi ba ya tambayar wa ya yi shi," in ji Ummakulsum, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ran Laraba tsohon ya wasa bawul, ya jera sassan a kan buhu. Ran Alhamis da hantsi matarsa Monica ta tsallako titi babu takalmi, ta ce ya cika.

Ba a yi kwana bakwai ba Salmanu ya kwashe injin, ya kai wa wani bakanike, aka ɗaura mai tozo. Sau biyu ya yi tsere. A na uku aka turo babur ɗin ta tsakiyar Fagge, yara na binsa.

Kafin la'asar magana ta kai Kasuwar Sabon Gari: makahon nan ne ya lalata injin mutane kafin ya mutu.

Ummakulsum ta yafa mayafi ta tarar da Salmanu cikin abokansa.

"A gabana Baba ya hana ka mai tozo. Ka faɗa musu."

"Malama, koma ki koya wa yara ɗaya da ɗaya."

Aka yi dariya. Ta tsaya har dariyar ta ƙare, ta duƙa ta ɗauki fistin mai tozon da aka cire daga babur ɗin aka jefar a kwata.

Ta tarar da Monica tana ɗaure kaya, za ta bi jirgin ƙasa zuwa Inugu.

"'Yata, gaya mini gaskiya. Laifinsa ne?"

"Ba hannunsa ya ɗaura wannan ba, Inna."

Monica ta karɓa, ta ɗaga shi saitin ƙofa. Rana ta ratsa ta hudar da wuta ta yi a tozon, ta sauka a kan tabarmar da ba a naɗe ba.