Kabarin Ntate Sefako a Birnin Sarkin Iska

A unguwarmu ta Mashaeng babu wanda bai san Mme Sebolelo ba, wato Mama Sebolelo da yarenmu. Doguwar tsohuwa ce mai kaifin baki, ko rana na ƙuna ba ta raba kafaɗarta da bargo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu, don haka wani abin na gani da idona, wani kuma ɗanta Mohau ne ya ba ni da bakinsa.

Mijinta, Ntate Sefako, wato Baba Sefako, makiyayin tumaki ne a gonar wani Bature da ke gindin duwatsu, kusa da iyakar Lesotho. A can ciwon ƙirji ya kashe shi, aka binne shi bayan bukkokin ma'aikata, aka tara duwatsu a kansa kamar yadda aka yi wa waɗanda suka riga shi. Ba a daɗe ba mai gonar ya ce bukka ta mai aiki ce, tunda mai aikin ya mutu sai iyalinsa su nemi wani wuri. Haka ta taho Mashaeng da ɗanta da tukwanenta.

Bayan wasu shekaru masu shirya fim suka zo daga ƙetare, suka gina birni guda a gonar, da ganuwa da hasumiya da ƙaton kan dodo a saman ƙofa. Fim ɗin ya yi suna. Ɗan mai gonar, wanda ya gaji uban, ya sayar da tumakin, ya bar birnin a tsaye, baƙi suna ta zuwa mota-mota don su ga Birnin Sarkin Iska.

Mme ba ta damu da wannan ba sai da ta fara mafarkin mijinta yana tsaye cikin ruwan sama, ba bargo, ba ya cewa komai. Ta matsa wa Mohau ya kai ta kabarin. Shi facin taya yake yi a bakin titi, mutum ne mara son hayaniya. Ya je ƙofar gonar, matar da ke ofis ta ce su ba su san da wani kabari ba, kuma ba a shiga sai da tikiti. Ya koma ya ji amsa iri ɗaya. Sai ya sayi tikitin, nasa da nata.

"Wato sai na biya kafin in gaida mijina," in ji Mme. "Yana raye ma kyauta nake ganinsa, kuma ba wani abin kallo ba ne."

Ta zuba giyar dawa a filas ɗin shayi, ta ɗaure gwangwanin tabar gari a bakin zane, suka tafi.

A ƙofa aka ɗora su a tirelar da tarakta ke ja, tare da baƙi Turawa da wasu 'yan birni daga lardin Gauteng masu manyan wayoyi. Mai zagayawa da su wata budurwa ce cikin doguwar riga, an manna mata kunnuwan roba masu tsini. Mme ta ƙura mata ido.

"Ke ba Ntsoaki ba ce, jikar Mme Pulane? Me ya cinye miki kunnuwa?"

"Nkhono, kakata, aiki ne," yarinyar ta ce a hankali, ta juya ta ci gaba da Turanci.

"Kakarki ta san da wannan fuskar kike fita?"

'Yan Gauteng suka yi dariya. Mohau ya sunkuyar da kai.

Da suka shiga birnin, Mme ta ƙwanƙwasa ganuwar da sandarta, ta ji ƙarar fanko. Katako ne da roba aka shafa wa fenti. Ta ce ko rago ya tunkuyi wannan sai ta faɗi. Daga nan ba ta ƙara yin ba'a ba, don ta fara neman wurin.

Ta ce akwai bishiyoyin turare a jere, kabarin yana hannun dama da su. Babu bishiyoyin. Ta ce to rafi, daga bakin rafi ake hawowa. An karkatar da rafin, an tare shi can ƙasa ya zama tafki, baƙi suna yawo a kai cikin kwale-kwale mai kan maciji. Ƙasar da ta sani da tudu da kwari duk an baje ta. Dutsen ne kawai bai motsa ba. Ta tsaya ta daidaita kanta da wata tsaga a jikinsa, ta matsa gaba, ta dawo baya, ta sake dubawa.

Ntsoaki ta kai baƙin maƙabartar sarakunan fim, inda aka jera manyan kaburbura da takubba a kansu. Wani Bature ya kwanta a kan ɗaya, ya haɗa hannuwa a ƙirji, matarsa ta ɗauke shi hoto. Mme ta wuce su ba ta ko kalla ba. Numfashinta ya fara yin sama, ƙafarta tana ja.

"Mme, mu zauna ki huta," in ji Mohau.

"Ni na kawo ruwan da aka yi masa wanka. Ka ce ban san inda yake ba?"

"Ban ce ba, Mme."

Can sai ta tsaya a gaban wani ɗan shago a layin kasuwar birnin. Bango uku gare shi da rufin ciyawa, an jera burodin roba a kan tebur. Ta leƙa, ta waiwayi dutsen, ta ce, "Nan ne."

Ta durƙusa a ƙasa, ta barbaɗa taba, ta zuba giyar. Ta kira shi da sunansa da sunan zuriyarsa. Ta ba shi haƙurin daɗewa, ta gaya masa wanda aka haifa da wanda ya mutu, da yadda gwiwarta ke damunta. Baƙi suka taru a bakin shagon suka ɗaga wayoyi. Wata ta tambayi Ntsoaki ko tsohuwar ta fito a fim ɗin ne. Ntsoaki ta tsaya a ƙofar, ta baza doguwar rigarta ta tare su, ta ce su bi ta hasumiya.

Mohau ya ji in ya tsaya zai mari wani, sai ya fita ta bayan ganuwa inda aka ajiye tarakta. Direban, wani dattijo mai hular ulu, yana cin tuwon masara da madara a kwano. Ya dubi Mohau ya daɗe.

"Kai ɗan Sefako ne. Tafiyarka tasa ce."

Sunansa Ntate Phakiso, tun zamanin tsohon Baturen yake gonar. Suka gaisa. Mohau ya ce sun zo wurin kabari, kuma Mme ta same shi a shagon burodi.

Dattijon ya ajiye kwanon.

"Shagon burodi garken raguna ne a da," ya ce. "Kaburburan suna can, inda ake ajiye motocin baƙi. Amma can ɗin ma yanzu ba su nan."

"Kamar yaya ba su nan, Ntate?"

"Da za a baje wurin, ni aka ba katafila. Na ce akwai mutane a ƙasa. Aka ce in ba zan iya ba akwai mai iyawa a bakin ƙofa. Ƙasar duk da muka kankare, da ita aka yi bangon tafkin can." Ya nuna da haɓa. "Na ga abin da na gani a cikinta. Ban tsaya ba."

Mohau ya dubi tafkin. Bangon dogo ne, ciyawa ta rufe shi, an kafa kujeru a sama, wasu yaran Turawa suna gangarowa a guje. Ya tambaya ko ta wane gefe. Dattijon ya ce ba zai iya sani ba, an yi ta juyewa ana dannewa.

A mota, kan hanyar gida, fuskar Mme ta saki kamar ba ita ba.

"Ka ga sun yi masa rufi? Ba su san sun yi ba, amma sun yi. Ruwa ba ya dukansa."

"Haka ne, Mme."

Ta shigo gidanmu da yammar nan ta ba mu labari, har da kunnuwan Ntsoaki, muka yi ta dariya. Mohau yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Daga ranar ya rage magana, ya fara tsayawa a mashaya bayan aiki, abin da ba halinsa ba.

Da sanyi ya zagayo Mme ta kwanta. Ta riƙe hannunsa ta ce ya yi mata alkawari a kusa da ubansa za a sa ta, a wannan ɗan ɗakin. Ya ce to. Ta rasu, aka binne ta a maƙabartar Mashaeng, a sabon layi kusa da waya, don babu inda za a kai ta sai nan.

Bayan an dawo daga binnewa, an wanke hannu an ci abinci, ƙannen Ntate Sefako suka zauna a cikin rumfa. Babbansu ya ce tunda yanzu an san wurin, za su nemi lauya, a tono ɗan'uwansu a kawo shi gefen matarsa. Kowa ya ce daidai ne. Ina rarraba shayi lokacin da Mohau ya miƙe. Ya faɗi abin da Ntate Phakiso ya gaya masa, bai rage komai ba, idonsa a ƙasa.

Babban ya ce, "Kana sane, ka bar uwarka ta mutu tana zaton garken raguna mijinta ne."

"To me zan nuna mata, Rangwane?" in ji Mohau, yana kiran baffan nasa.

Dattawan suka ɗauki sandunansu, suka fita tun kafin a raba sauran naman. Har yau ba sa shiga gidan Mohau, in an yi taron dangi ba a aiko masa.

Lauyan ma ba a nema ba. Ntate Phakiso ya ce in aka kira shi gaban hukuma zai ce bai taɓa faɗin haka ba, yana da jikoki a bukkar gonar.