Harsashi Biyu a Bindigar Wessel

Hlengani Chauke bai iya zama wuri ɗaya ba tun yana yaro, balle ranar Juma'ar nan. An ba shi kujera a barandar gidan gonar da ke bayan Chiredzi, ya ɗosana, ya miƙe, ya leƙa mota, ya dawo. Shayin da aka zuba masa har ya huce.

"Sivara, ka zauna mana," in ji Mazhawa, mijin yayarsa. Sivara suke kiran juna, wato suruki a yarensu. "Ko cinnaka ne ya shige maka wando?"

Ina zai iya! Shekara ashirin yana bi wa mafarauta sawun dabba, sai bana ya samu lasisin jagoran farauta da sunansa. Ran Litinin baƙonsa na farko zai sauka, ɓauna yake so. Wanda zai shiga gaba yana bin sawu, hannu rabbana, shi ne Mazhawa. To, bara ɓauna ta tsaga cinyar Mazhawa a gaban idonsa, saboda bindigar Hlengani mai baki ɗaya ta cije bayan harbin farko. Har yau mutumin ɗingishi yake. Yaya Tsakani kuwa ta faɗa masa gatsal a bakin asibiti: "Mijina ba zai sake shiga gabanka ba sai ka riƙe mai baki biyu. Idan ka dawo min da gawa, ni da kai har abada."

Mai baki biyu sabuwa ba ta talaka ba ce. Wannan ma ta zo daidai ƙarfinsa ne don kowa gudunta yake. Ta marigayi Wessel Kritzinger ce, wanda ɓauna ta tattake shekara biyu da suka wuce. An tsince shi da bindigar a hannu, harsashi biyu a cikinta ba a harba ba. Tun daga ranar masu surutu a mashaya suka yanke hukunci: tsoho ya tsorata, hannu ya sandare. Mutanen da ko ɗan maraƙi bai taɓa biyo su ba!

Matar marigayin, Elsabe, ta fito da akwatin fata ta ajiye kan tebur. Doguwar tsohuwa ce, ba ta dariya.

"Ga ta. Ka duba, amma kada ka tambaye ni labarin ranar. Na gaji da shi."

Hlengani ya haɗa bindigar. Ya karya ta, ya ɗaga bakunan sama ya leƙa, fes. Ya cire katakon gaba ya girgiza, ko motsi babu. Ya rataye ƙarfen a yatsa ya ƙwanƙwasa, ya ba da sauti tas kamar ƙararrawa. Ya rufe ido ya kai ta kafaɗa, ya buɗe, saiti na daidai idonsa. Zuciyarsa ta yi fari ƙal. Dama takardun 'yan sanda tun makon jiya ya gama su, kafin ma ya taɓa bindigar. Gaggawarsa ta kai nan.

"Na saya, Madam. Mazhawa, tashi mu tafi, akwai tanti da ban kafa ba."

"Ka saya?" in ji Mazhawa. "Ka ji muryarta?"

"Sivara, rana na yi."

"Ta yi mana. Ƙafata ce za ta shiga gaba, ba taka ba."

Haka suka gangara bayan rumbu, Hlengani na tsaki, Elsabe na biye da su da hannu a ƙirji. Ya jingina kwali a jikin suri, ya ƙirga taku hamsin. Daram! Daram! Ramuka biyu kusa da juna, tafin hannu ya rufe su.

"Ka gani? Shi ke nan, mu tafi."

"Kwali ba ya biyo mutum," in ji Mazhawa. "Madam, akwai tsohuwar taya?"

Akwai. Ya ɗingisa da ita har kan tudu, ya tsayar da ita, ya tokare da itace, ya ɗaura igiya a itacen, ya koma can gefe bayan dutse. Haka Wessel ke horar da mutanensa, Mazhawa ya sani domin ya yi masa bin sawu shekara shida yana saurayi. Ka harba biyu, ka karya, ka sake ɗurawa, ita kuma taya na gangarowa kanka.

Daram! Daram! Mazhawa ya fizge igiya. Hlengani ya karya bindiga, kwanson harsashi biyu suka fita, ya zura sababbi, ya rufe, ya kai kafaɗa. Ya yi sauri, wallahi ya yi sauri. Taya na tsalle tana tahowa, ya ja kunama.

Shiru.

Ya ja ta biyu. Ƙam, kamar an kafe ta da ƙusa. Yana nan yana ja da dukan ƙarfinsa taya ta zo ta doke shi a gwiwa, ya zauna daɓas cikin ƙasa. A wata ranar da Mazhawa ya yi dariya har hawaye. Yau ko murmushi bai yi ba.

"Ta lalace," in ji Hlengani, gumi na zuba. Tsoro ne ya kama shi, irin na bara sak.

Mazhawa ya karɓi bindigar ya zare harsasan. Ya dubi ɗan makullin da ke wuyanta, wanda ake turawa da babban yatsa kafin a harba. Yana baya, a kulle. Ya tura shi gaba, ya karya bindigar, ƙit, makullin ya koma baya da kansa. Ya sake, ya sake komawa.

"Kai! Wannan ba halinta ba ne. Sau nawa na ɗura wa Baba Wessel ita da hannuna? Ba ta taɓa kulle kanta ba. Tun yana matashi ya sa aka cire abin, ya ce ba ya son bindiga mai yi masa shawara. Madam, wani ya taɓa ta?"

Elsabe ta matso kusa.

"Ya aika da ita gyara ƙetaren iyaka. Ta dawo ana gobe zai shiga daji. Mai gyaran ya rubuto cewa ya tarar wani ɗan ƙarfe babu, ya sa sabo. Kyauta ma ya sa." Ta nuna surin da hannu. "Wessel ya harba biyu a surin nan, ya ce lafiya lau."

Ta miƙa hannu, Mazhawa ya ba ta. Ta tura makullin, ta karya, ƙit.

"Ashe ya ja kunamar," ta ce. "Ashe bai tsorata ba. Shekara biyu ina jin haushinsa."

Hlengani ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya fara kai da komo. Tausayin matar ya kama shi, amma Litinin na nan tana ƙaiƙayinsa. Mai gyaran da ya yarda da shi yana Bulawayo, kuma lokacin farauta ne, layi ya kai mako biyu. Baƙo ba zai jira ba, wani za a ba.

"Ai yanzu mun sani," ya ce. "Yatsa ne kawai. In rufe, in tura, in harba. Mazhawa, mayar da tayar."

Aka mayar. Karo na farko ya tuna, ya huda ta tun daga nesa. Na biyu ma haka, har ya fara washe baki. A na uku Mazhawa ya saki igiyar tun kafin harbi na biyu, ya kurma ihu: "Ga ta nan! Ga ta nan!" Hlengani ya karya, ya ɗura, ya rufe, ya ja kunama. Ƙam. Sai da taya ta wuce ta gefensa yatsan ya tuna.

Mazhawa ya ɗingiso a hankali yana naɗe igiya.

"Sivara, shekara ashirin ka jira ranar nan, na sani. Idan ka ce mu shiga Litinin, zan shiga gabanka. Ba zan gaya wa Tsakani komai ba."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Hlengani ya dubi ƙafar da ke ɗingishi, ya dubi tsohuwar da ke tsaye ita kaɗai a gaban suri. Kunya ta rufe shi. Ya zaro waya ya kira mai sansanin farautar da yake wa aiki, ya ce a ba wani baƙon, shi bindigarsa ba ta shirya ba. Ana ta faɗa daga can, ya kashe.

Sannan ya zauna a kan tayar, zama na sosai, karo na farko tun safe.

"Madam, na saya har yanzu," ya ce. "Amma ki ba ni takardar mai gyaran nan. Akwai mutane a mashaya da nake so in karanta wa."